“Birki Ya Shanye”: Magana Ɗaya, Ciwo Iri-Iri a Jikin Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Idan direba ya kai mota gareji saboda matsalar tsayawa, yawanci jumla ɗaya yake furtawa, wato “Oga, birkina ya shanye.” Na sha jin wannan jumla a garejojin Farin Gada da ke nan Jos, kuma abin da na lura shi ne gogaggen bakanike ba ya ɗaukar sifana da jin ta. Sai ya fara da tambaya: “Alhaji, da ka taka, ƙasa ya tafi ko tauri ya yi? Da sanyin safiya ne ko bayan ka yi tafiya?” Dalili kuwa shi ne jumlar nan guda ta ƙunshi cututtuka aƙalla biyar, kowace da sanadinta da maganinta. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, domin mai karatu ya san abin da ƙafarsa ke gaya masa idan ya taka feda, ya kuma iya bayyana shi da kalmomin da suka dace. A ganina wannan ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin a nan rashin fayyace magana yana iya cin rai.

Motar da zan kafa misali da ita

Motocin tsere na asali ba su da yawa a titunanmu, saboda haka zan kafa misali da tsohuwar motar da kowa ya sani, wadda kuma take da jinin tsere a jikinta, wato Peugeot 504, ko Fijo a bakin jama'a. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, samfurinta mai ƙofa biyu ya biyo baya a 1969. Ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, mai ƙofa biyun kuma ta sake lashewa a 1978. A shekarar 1975 ɗin ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, aka ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara ashirin, wasu kuwa sun haura arba'in. Bayanin da zan yi ya hau kan ƙanwarta 505 da ta fito a 1979, da tsofaffin Marsandi, da kusan duk motar da birkinta ke aiki da mai.

Yadda birki ke aiki

Ginshiƙin al'amarin wata ƙa'ida ce da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin rabin matsalolin birki daga nan suke tasowa.

Idan direba ya taka feda, ƙarfin ƙafarsa yana fara biyawa ta wata baƙar tukunyar ƙarfe da ke manne a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Ita ake kira busta, aikinta kuwa ninka ƙarfin ƙafa ta hanyar amfani da zuƙar iskar da inji ke yi. Daga nan sai masta, wadda za a iya kira uwar birki, ita ce ke ɗauke da ɗan tankin man birki a kanta. Fistin da ke cikinta yana tura mai ta cikin siraran bututan ƙarfe zuwa ƙafafu huɗu, a kusa da kowace taya kuma akwai guntun tiyo na roba, saboda taya tana motsi. A ƙafar mota, birki iri biyu ne. Akwai na faifai, inda kalifa ke matse fad guda biyu a jikin faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Akwai kuma na ganga, wanda makanikai ke kira duram, inda shu guda biyu ke buɗewa su goga cikin gangar. Louis Renault ne ya fito da na ganga a 1902. Na faifai kuwa ya yi suna ne a fagen tsere, lokacin da motar Jaguar ta lashe gasar Le Mans da shi a 1953. Wasu samfuran 504 faifai gare su a ƙafa huɗu, amma wagon da a-kori-kura ganga ce a bayansu.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne birki ba ya yin komai illa mayar da gudu zafi. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha kafin ta tsaya ya ninka sau huɗu.

Me ya sa Jos ta bambanta?

Garin Jos yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma duk wanda zai bar Filato sai ya gangara. Gangaren da ya fi suna shi ne Hawan Kibo, a ƙaramar hukumar Riyom, kan hanyar Akwanga da Abuja. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mota mai nauyin kilo 1,200 ta gangaro tsayin mita 300, direba kuma ya dogara da birki kaɗai. Zafin da zai taru ya isa ya kai lita 10 ta ruwan sanyi ga tafasa. Idan aka ɗora wannan zafi kan faifai huɗu masu nauyin kilo 20 a haɗe, ba tare da iska ta kwashe wani abu ba, zafinsu zai ƙaru da sama da digiri 350 a ma'aunin Salshiyos.

Bugu da ƙari, daminar Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ga raɓa da hazo. Man birki kuwa yana da ɗabi'ar tsotsar danshi daga iska. Har ila yau, saboda tsayin wurin nauyin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka kwatanta da bakin teku, busta kuwa da bambancin nauyin iska take aiki. Lafiyayyar mota ba za ta damu da wannan ba, amma wadda bustarta ta fara gajiya a nan za ta fi nuna gajiyar.

Kafin a kwance komai

Bincike yana farawa ne mota na tsaye a wuri mai laushin shimfiɗa. A buɗe bonet a duba tankin man birki. Idan man ya yi ƙasa kaɗan, mai yiwuwa fad ne suka cinye, domin fistin yana ƙara fitowa ya ja mai ya cike gurbin. Idan ya yi ƙasa sosai, akwai yoyo. A duba launinsa: sabon mai garai-garai yake kamar man gyaɗa mai kyau, tsoho kuwa ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Sannan a leƙa bayan kowace taya, a ga ko akwai jiƙa ko zirin mai. Bayan haka sai a zauna a taka feda a saurari abin da za ta faɗa.

Na ɗaya: feda mai laushi kamar soso

Idan feda ta yi taushi, tana tafiya ƙasa fiye da yadda aka saba, amma in an buga ta sau biyu ko uku sai ta taso ta ɗan yi ƙarfi, to iska ce ta shiga bututu. Ƙarfin ƙafa yana ƙarewa ne wajen matse kumfar iskar maimakon tura fistin. Maganinsa cire iska, aikin da mutum biyu ke yi. Ɗaya yana ciki yana buga feda, ɗaya yana ƙarƙashi yana kwance ɗan notin da ke jikin kalifa, shi ya sa ake jin bakanike yana yi wa yaronsa tsawa: “Buga! Riƙe! Saki!” A al'ada ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta hannun dama a motocinmu masu sitiyari a hagu, a ƙare da mafi kusa, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. A kula kada tanki ya ƙafe ana cikin aikin, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Sai dai iska ba ta shiga haka kawai. Bahaushe na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya cire iska bai nemi ƙofar da ta bi ba, zai dawo gareji ba da jimawa ba. A motar da ke da ganga a baya kuma, irin wannan doguwar feda tana iya zama alamar shu sun yi nisa da ganga, suna bukatar a ɗaure su. Tsohon tiyo ma yakan kumbura kamar balan-balan idan an taka, ya shanye matsin.

Na biyu: feda mai nutsewa a hankali

Wannan ya bambanta da na farko, ko da yake direbobi suna haɗa su. A taka feda da matsakaicin ƙarfi a riƙe ta na tsawon rabin minti. Idan ta tsaya cak, lafiya. Idan kuwa tana sulalewa ƙasa sannu a hankali har ta kusa taɓa daɓe, to matsi yana zurarewa a wani wuri. Nan sai a koma ga tanki. Idan mai yana raguwa, yoyon na waje ne: bututun da tsatsa ta ci, ko tiyon da ya tsage, ko robar kalifa, ko ta ƙaramar silindar da ke cikin ganga. Idan mai bai ragu ba, kuma ƙasa a bushe take, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagaye fistin yana komawa tanki.

Akwai yanayi na uku mai ruɗarwa, inda mai ke raguwa amma ba a ga ɗigo ko ɗaya ba. Sau da yawa robar bayan masta ce ta saki, man yana zuba cikin busta yana taruwa a ɓoye. Sai an kwance notin masta an ɗan janye ta za a ga jiƙar.

Motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa sama galibi masta ɗinsu hanya biyu gare ta, domin idan ɗaya ta fashe ɗayar ta riƙe. Wannan ne ya sa mota mai yoyo take iya ci gaba da tsayawa, amma da rabin ƙarfi da doguwar feda. Rabin birki yana iya isar mutum daga Terminus zuwa Bukuru. Ba zai isar masa a Hawan Kibo ba.

Na uku: feda mai tauri kamar dutse

A nan feda ba ta tafiya ƙasa ko kaɗan, amma sai direba ya miƙe a kanta kafin mota ta rage gudu. Wanda ake fara tuhuma shi ne busta, kuma gwajinta ba ya bukatar kayan aiki. A kashe inji, a buga feda sau biyar har ta yi tauri, a riƙe ta, sannan a tayar da mota. Idan busta na aiki, feda za ta ɗan faɗa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa da zarar inji ya tashi. Idan ba ta motsa ba, a bi tiyon da ya taso daga inji zuwa busta, a duba tsagewa ko sakin baki, a duba ɗan bawul ɗin da ke kansa. Idan ana jin huci kamar na maciji a ƙarƙashin sitiyari duk lokacin da aka taka, ko inji yana rawa yana neman mutuwa, to fatar da ke cikin bustar ta yage. Mutane da yawa sun sayi sabuwar masta a kan wannan ciwo, alhali guntun tiyo ne ya tsage.

Na huɗu: birkin da ke ɓacewa idan ya yi zafi

Wannan shi ne ciwon gangare, kuma kashi biyu ne. A kashi na farko fad ne suka ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsu, sai su daina kama faifai. Feda tana nan da taurinta, amma mota ba ta jin magana, ga warin ƙuna. A kashi na biyu man birki ne ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska, sai feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya.

A jikin gwangwanin man birki akwai rubutun DOT da lamba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma idan suka sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar da man birki a zuba sabo duk shekara biyu, ko da motar ba ta yi tafiya ba. Akwai kuma DOT 5, wanda da sinadarin silikon aka yi shi, ba a gauraya shi da waɗancan.

Haɗarin wannan ciwo shi ne yaudara. Idan direba ya samu ya tsaya, bayan rabin sa'a tururi ya huce, feda ta dawo kamar ba abin da ya faru. Ya kai gareji, bakanike ya taka ya ji garau, ya ce masa lafiya lau. Shi ya sa dole direba ya faɗi cewa a gangare abin ya faru, bayan doguwar tafiya, kuma feda ƙasa ta tafi. Waɗannan bayanai su ne za su sa a canja mai, a kuma duba ko wata kalifa ta maƙale tana dafa shi.

Na biyar: mota mai fizga gefe, da kuka, da rawa

Idan an taka birki mota ta ja hagu, yawanci ƙafar dama ce ba ta kamawa, domin mota tana karkata ne wajen ƙafar da ke aiki. Sanadin yana iya zama fistin da tsatsa ta riƙe, abin da ke yawan samun motar da ta daɗe a ajiye, ko mai da ya zuba a kan fad. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kama ta ƙi saki, za a ji garmar tayar ta fi sauran zafi bayan 'yar tafiya. A kusantar da bayan hannu kawai, kada a taɓa. Wani lokaci tiyo ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi amma ya hana shi dawowa. Kafin a zargi birki dai a fara auna iskar tayoyi.

Ƙara mai tsini alama ce ta fad sun kusa ƙarewa, kuma idan kaurinsu ya sauko wajen milimita 3 lokacin canji ya yi. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa tana nufin sun ƙare, faifai ake ci. Idan feda tana bugun ƙafa, sitiyari yana rawa, faifan ne kaurinsa ya daina zama daidai. Ana iya kai shi a fere, muddin bai wuce mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa ba. Fad da shu kuwa ana canja na hagu da na dama ne tare.

Dabarun da ke kashe mutane

Akwai wasu dabaru da suka zama jiki a hanyoyinmu. Wani idan ƙafa ɗaya tana yoyo sai ya toshe bututunta da ƙusa, ya bar mota da birki uku, ranar da ya taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi sai ta juya da shi. Wani yakan zuba ruwan omo a madadin man birki, alhali a tsayin Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, ga tsatsa da zai haifar. Wani kuma man inji ko na giya yake zubawa, wanda ke kumbura duk robobin da ke ciki. Sai masu sakin giya ko kashe inji a gangare don tsimin fetur. Wanda ya kashe inji ya kashe busta, taku biyu ko uku suka rage masa kafin feda ta zama dutse. Ƙa'idar gangare ita ce a sauka da giyar da za a hau da ita, a bar inji ya riƙe mota, a riƙa taka birki ana saki domin ya sha iska.

Wajen sayen kaya, a Dilimi ko wani wuri, a tuna araha ba ta ado. A sayi man birki a rufaffen gwangwani, domin wanda aka buɗe aka ajiye ya riga ya fara shan danshi. Kada a busa ƙurar cikin ganga da baki ko da iska, saboda tsofaffin shu da yawa suna ɗauke da sinadarin asbesto mai illa ga huhu. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Idan abin ya faru ana cikin tafiya

A ɗaga ƙafa daga totur, a buga feda da sauri sau da yawa, domin hanya ta biyu ta masta tana iya kamawa. A rage giya ɗaya bayan ɗaya. A ja birkin hannu a hankali, yatsa na danne da maɓallinsa, yadda za a iya sassautawa idan ƙafafun baya suka nemi kullewa. Kada a zare makulli, domin sitiyari zai iya kullewa. A danna hon, a nemi hawa ko yashi ko ciyawa a gefen hanya. Bayan an tsaya kuma a nemi janwe, ko da feda ta dawo.

Abin lura ga ɗalibin harshe

Mai karatu zai ga cewa sunayen sassan nan kusan duk na aro ne daga Ingilishi. Wasu sun Hausance sarai, kamar birki da sitiyari da kuloci, inda aka cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere, ko aka ƙara shi a ƙarshe, domin su dace da tsarin gaɓar Hausa. Wasu kuwa, kamar fad da duram, har yanzu da baƙi suke ƙarewa, alamar ba su gama zama 'yan gida ba. Aikatau kuwa namu ne na gado: birki yana kamawa, yana ci, yana riƙewa, yana tsinkewa, yana shanyewa. “Tsinke” ya samo asali ne daga igiya, “shanye” kuwa daga ruwan da ya ƙafe ko gaɓar jikin da ta daina aiki. A bakin direbobi da cikin labaran haɗurra ana musanya su ba tare da bambanci ba. Ina ganin da za a keɓe “tsinke” ga fashewar bututu farat ɗaya, “nutse” ga ciwon masta, “sandare” ga ciwon busta, a bar “shanye” ga ɓacewar birki saboda zafi, da an sauƙaƙa wa masu fassarar littattafan koyon tuƙi da masu wayar da kai irin na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Wannan shawara ce tawa, kuma fage ne da ɗalibi zai iya ɗauka ya shiga gareji da littafi da biro ya tattaro abin da makanikai ke faɗa da bakinsu.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa taushin feda yana nuni ga iska, nutsewarta ga masta ko yoyo, taurinta ga busta, ɓacewarta a gangare ga zafi da tsohon mai, fizgar gefe kuma ga kalifa ko tiyo. Birkin tsohuwar mota da wuya ya tafi bai yi sallama ba, yakan ɗauki makonni yana nuna alamu. Gwajin riƙe feda da na busta da leƙa tanki ba su wuce minti biyar ba, kuma a ƙofar gida ake yin su kafin a kama hanya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.